Laburaren Ƙairawiyyin da Maƙwabtansa: Gyaran Gini Kaɗai Bai Wadatar Ba

Duk wanda ya san tarihin ilmi a Afirka ya san sunan Ƙairawiyyin da ke birnin Fas na ƙasar Maroko. Masu tarihi sun ce wata baiwar Allah, Fatima al-Fihri, ita ta kafa masallacin a shekarar 859, daga bisani ya zama jami'a. Laburarensa kuwa Sarki Abu Inan ne ya assasa shi a 1349, sa'an nan Sarki Ahmad al-Mansur ya yi masa sabon gini wajen ƙarshen ƙarni na 16. Akwai littattafan rubutun hannu kimanin 4,000 a cikinsa, har da kofen littafin tarihin Ibn Khaldun wanda shi da kansa ya bayar waƙafi. Manufar wannan ɗan bayani ita ce a nuna cewa ba za a iya raya irin wannan laburare ba matuƙar an bar unguwar da ta goya shi tana mutuwa.

Da farko a dubi yadda littafi yake samuwa a zamanin da. Malami ya yi talifi, magatakarda ya kwafa, majemi ya jeme fata, baduku ya ɗinka tadarishi. Duk waɗannan mutane maƙwabtan juna ne a Fas. Ƙofar laburaren tana kallon dandalin Saffarin, watau inda maƙeran tagulla suke ta ƙwanƙwasa tukwane har yau. Majemar Shuwara ba ta da nisa. Kasuwar 'yan turare, Attarin, tana jingine da masallacin. Makarantun kwana da sarakuna suka gina, kamar ta Saffarin a 1271 da ta Attarin wadda aka gama a 1325, su ne masaukin almajirai baƙi, ana ciyar da su daga kuɗin hayar shaguna da gidajen da mutanen gari suka bayar waƙafi. Ke nan ɗan kasuwa shi ya riƙe ɗalibi, ɗalibi kuma ya riƙe littafi.

Wannan sarƙa ta fara tsinkewa bayan 1912, lokacin da Faransawa suka mayar da babban birni Rabat. Manyan gidaje suka yi ƙaura zuwa Rabat da Kasablanka, tsofaffin soraye suka koma hannun talakawa 'yan haya waɗanda ba su da halin gyara. A 1963 aka shigar da jami'ar cikin tsarin jami'o'in gwamnati. Ko da hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, gidaje da yawa sun riga sun tsattsage. Waɗansu da aka gyara kuwa an mayar da su masaukin 'yan yawon buɗe ido.

Lalle a yaba wa aikin da aka soma a 2012 a ƙarƙashin Aziza Chaouni, 'yar asalin Fas mai zanen gine-gine, inda aka yi maganin damshin da ke cin littattafan, aka gyara ɗakin karatu. Amma damshin nan daga ƙarƙashin unguwar yake tasowa, bai san iyakar laburare da gidan maƙwabci ba. Idan aka tsane gefe guda aka bar magudanun unguwa a lalace, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Wani zai ce aikin laburare tsare littafi ne, ba kula da maƙera da majema ba, kuma takardar da ta shekara ɗari bakwai ba ta jure hannuwa da yawa. Wannan gaskiya ce, ba wanda zai ce a miƙa wa kowa tsohon kundi. To amma ana iya ɗaukar hotonsa a ajiye asalin, a bar ɗan maƙeri ya zauna ya karanta. Yaron da ya taɓa shiga laburare shi ne zai ɗauko guga ran da gobara ta tashi. Wanda bai san abin da ke ciki ba sai dai ya tsaya kallo. Haka kuma gyaran tadarishi ba zai yiwu ba idan dukawan da suka gaji sana'ar sun watse.

Maganar ba ta yi nisa da ƙasar Hausa ba. Hasan al-Wazzan, wanda ya kawo labarin Kano da Katsina da Zazzau cikin littafinsa na ƙarni na 16, a Fas ya yi karatu, kuma 'yan Tijjaniyya suna zuwa ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a cikin wannan tsohon birni. Unguwannin malamai irin su Madabo a Kano su ma suna da kundaye a gafaka cikin soraye na ƙasa. Saboda haka wajibi ne duk hukumar da za ta ware kuɗi don adana littattafai ta sa magudanun ruwa da gidajen maƙwabta da koyon sana'ar dukanci cikin lissafi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.