Su ma 'ya'ya mata a koya musu iyo

Wata magana ta tashi a zauren WhatsApp na danginmu a makon nan, kuma har yanzu tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙanwata da maigidanta sun daɗe suna tari don su kai yaransu hutu, bana Allah ya nufa suka tafi Zanzibar. Daga can ta turo ɗan gajeren bidiyo: yara sanye da rigar kariya suna facal-facal a bakin teku, babbar 'yarta na cikinsu, da doguwar riga da wando har idon sawu, kai a ɗaure tam. Ba a jima ba wani kawunmu, dattijon da nake ganin girmansa ƙwarai, ya turo saƙon murya: "Haba 'yar nan, ina ke ina jefa ɗiya mace cikin ruwa? Mazan su yi, amma ita maza ki tsame ta." Mutane suka bi layi da "gaskiya ne, Kawu." Ƙanwata ta goge bidiyon, ta ba da haƙuri. Haƙurin nan da ta bayar shi ya fi ƙona mini rai, don ba ta yi laifin komai ba.

Kawu, Allah ya ƙara girma, na san don kishin tarbiyya ka yi magana. Amma a wannan karon ba na tare da kai, kuma tun da maganar ta wuce gidanmu, ta shafi dubban gidaje, a nan zan amsa.

Bari in fara da irin yawon da suka je, don kada wani ya ɗauka wurin sheƙe aya ne. Daga bakin ruwan tsohon birnin Zanzibar, kusa da lambun Forodhani, ake shiga jiragen katako masu rumfa, irin ƙirar mutanen gaɓar tekun nan ta tun kaka da kakanni, sai dai yanzu an ɗaura musu inji. Yawo ne na rabin yini. Zangon farko tsibirin Changuu, tafiyar kamar rabin awa. A 1893 aka gina kurkuku a wurin, amma ba a taɓa tsare fursuna a ginin ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cututtuka irin su shawara. Abin da ke jan yara can shi ne manya-manyan kunkuru, zuriyar guda huɗu da gwamnan Ingila na tsibiran Seshel ya aiko kyauta a 1919, wasunsu sun haura shekara 100 a duniya. Daga nan sai Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar teku wanda ba ya bayyana sai ruwa ya janye. Ana kafa rumfa a kansa, a gasa kifi da jatan lande, a yanka abarba da kankana, yara su yi wanka a inda ruwa bai da zurfi. Kafin ruwan ya dawo ya shafe tudun, kowa ya tattara nasa ya nasa an koma jirgi.

A nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru, kamar yadda ƙanwata ta ba ni labari a waya. Da jirgi ya tsaya, yaranta maza biyu ko jiran izini ba su yi ba, suka faɗa ruwa suna iyo. A ranar ta gano cewa sun daɗe suna satar jiki zuwa kududdufin bayan unguwa. Ita kuwa yayarsu, 'yar shekara goma sha biyu, wadda ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba, sai ta ƙanƙame tsanin jirgi, jikinta na ɓari, ga rigar kariya a jikinta amma ta kasa sakin ƙarfen. Cikin matan da ke aikin abinci a wurin wata ta ajiye wuƙarta, ta shigo ruwan da zanenta da lulluɓinta. Ba ta jin Hausa, yarinya ba ta jin Suwahili. Ta ɓamɓare yatsun yarinyar daga tsani ɗaya bayan ɗaya, ta sa tafin hannu a bayanta, ta nuna mata sama da yatsa, ta ja dogon numfashi don ta kwaikwaya. Yarinya ta kwanta rigingine, kunnuwanta cikin ruwa, idonta a rufe gam. Can matar ta zare hannunta a hankali. Sai da yarinyar ta buɗe ido ta ga matar tsaye nesa da ita, hannaye biyu a sama, sannan ta san ita kaɗai ke kwance a kan ruwa kamar ƙwarya. Ƙanwata ta ce ihun murnar da yarinyar ta yi har na cikin jirgin kusa sun waiwayo. Bidiyon wannan wankan ne aka sa ta goge.

Zanzibar ba ƙasar da za a koya wa kunya ba ce. Kusan duk mutanenta Musulmi ne, kiran salla ke tashin gari, matansu da lulluɓi suke fita. Su ma sun daɗe suna cewa mace ba ta shiga teku, alhali teku ta kewaye su ta kowace fuska. A watan Satumba na 2011 jirgin fasinja mai suna Spice Islander, wanda aka yi wa lodi fiye da ƙima, ya nutse tsakanin tsibiran Unguja da Pemba, ɗaruruwan mutane suka halaka. A Yulin 2012 wani mai suna Skagit ya kife a hanyarsa daga Darussalam. Mutanen da suka ga gawawwaki jere a bakin ruwa ba sa bukatar dogon wa'azi. A Nungwi, can arewacin tsibirin Unguja, wata ƙungiya mai suna Panje Project ta duƙufa wajen koya wa yara iyo, har da 'yan mata. Matsalar sutura ba ta gagare su ba: suka samar da kayan wanka masu rufe jiki daga kai har ƙafa, suka horar da mata su zama malaman iyo, aka riƙa fara koyo da jarkar roba wadda babu komai a ciki, yarinya ta rungume ta har ta saba da ruwa. Hotunan da wata mai ɗaukar hoto, Anna Boyiazis, ta yi wa waɗannan 'yan mata sun ci lambar yabo ta World Press Photo a 2018. Duk wanda ya kalle su zai ga babu wadda ta tuɓe mutuncinta a cikinsu.

To mu fa? Ban taɓa daina maganar hatsarin Bagwai ba, kuma ba zan daina ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau maƙare da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, ya kife a dam ɗin Watari. Aƙalla mutum 29 aka rasa, yawancinsu yara. A ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, 'yan mata masu tsallaka gulbi don neman itacen girki ruwa ya ci. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka mutu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. A Oktoban 2024 aka sake yi a Gbajibo, ƙaramar hukumar Mokwa, nan ma 'yan Mauludi, nan ma galibi mata da yara. Ku duba su waye ke zuwa biki da Mauludi da cin kasuwa a cikin jiragen nan, su waye ke goye da jarirai, su waye ke tsakiyar jirgi a cunkushe. Matan da muka ce kada su kusanci ruwa don koyo, su muke lodawa a kan ruwa don tafiya. Jirgi na kifewa, matuƙi da samari su yi iyo su fita, a wayi gari ana jera mata da 'yan mata a kan tabarmi. Sannan mu yi ta'aziyya, mu ce kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, haka ne, ba mai ja da ƙaddara. Amma wanda ya hana ɗiyarsa sanin yadda za ta riƙe numfashi ta ɗaga fuska sama na minti biyar kafin agaji ya iso, ya shirya amsar da zai bayar.

Na san iyo ba ya hana lodin ganganci ko tafiyar dare, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da gwamnatocin jihohi suna da nasu alhakin a kan rigar kariya da ruɓaɓɓun jirage. Na kuma san akwai tsargiya a ruwan kwance, don haka ba cewa nake yi a tura yara kowane tafki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli na kowace shekara don tunatarwa a kan wannan. A Bangaladash, ƙasar Musulmi mai fama da talauci da ambaliya, ba su jira an gina musu wuraren wanka na zamani ba. Da gora suke kewaye wani sashe na tafkin ƙauye, su yi masa daɓe yadda yaro ba zai nutse ba, a koya wa yara maza da mata iyo a ciki, a shirin da suke kira SwimSafe. Mu a nan duk damina jami'an kashe gobara na Kano suna fitar da sanarwar tsamo gawar yaro daga kududdufi, mu karanta mu wuce. Yaran da ake tsamowa ɗin nan su ne masu koyon iyo a ɓoye, ba babba a kusa, don an san in an tambaya a gida duka za a sha. Hanin da muke yi bai raba maza da ruwa ba, ya dai raba su da mai lura da su. Matan kuwa ya bar su ba su san komai ba.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, ya ga wasannin Kabanci: tseren iyo, nutso, tseren kwale-kwale, kamun agwagwa a ruwa. Ya ga masunta sun hau gora sun bazu a kogin Matan Fada da komarsu. Jarkar da 'yan matan Nungwi ke runguma, aikin goran Kabawa take yi. Muna da Sarkawa, muna da sarakunan ruwa daga Yawuri har bakin Tafkin Chadi, mutanen da suka san halin ruwa fiye da duk wani mai takardar shaida. Ba wanda ya taɓa tunanin ya ɗauke su aiki su koyar a makarantun garuruwan bakin gulbi. Malamanmu kuma sun sha ambata mana wasiyyar da ake jingina wa Sayyidina Umar ta koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki. Hawan doki mun riƙe shi da kyau, kowace Salla muna gani. Iyon ne muka jefar.

Ga kuma tsohon ciwona, dam-dam ɗin Kano. Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka shimfiɗa mana ruwa, Tiga kaɗai da aka gama a 1974 ta isa a ce kowane ƙarshen mako akwai jiragen iyali masu rumfa da rigunan kariya, a zaga da yara, a tsaya a ci gasasshen kifi, a dawo kafin la'asar. Otal ɗin Bagauda da iyayenmu ke ba mu labari ya zama makarantar koyon aikin lauya. Magidanci mai ɗan hali sai ya kai iyalinsa Tafkin Jabi a Abuja, ko ya sayi tikitin jirgin sama zuwa wata ƙasa, kafin yaransa su san daɗin zama a jirgin ruwa cikin kwanciyar hankali. Marar hali kuwa ba ya shiga jirgi sai dole, kuma jirgin dole shi ne mai kifewa. Yaron da ya saba sa rigar kariya a yawon nishaɗi, shi ne gobe zai ƙi shiga kwale-kwalen da babu ita. Wannan ma karatu ne, kuma ba a allo ake yin sa ba.

Ban ce a cakuɗa maza da mata ba, ban ce a sa kayan da ba su dace ba. Telolin Kantin Kwari da na kowace unguwa za su ɗinka rigar wanka mai rufe jiki in an nema. Otal-otal da makarantun kuɗi masu wurin wanka za su ware ranar mata zalla, da mace mai koyarwa, in iyaye sun tambaya da yawa. Abin da ya rage shi ne dattawa su daina ɗaure fuska, domin uwa ba za ta kai 'yarta koyo ba muddin ta san za a yi da ita a dangi.

Kirana ga shugabannin makarantun Islamiyya da na boko a garuruwan da ake tsallaka ruwa, daga Bagwai zuwa Ngaski zuwa Mokwa: ku zauna da sarkin ruwan garinku da ma'aikatan lafiya, a nemi wuri mai tsabta marar zurfi, a killace shi, a fara da 'yan mata. Kai kuma mai karatu, in kana da ɗiya, ka tambaye ta yau ko ta san abin da za ta yi in ta faɗa ruwa. In ta ce ba ta sani ba, ka nemo mata mai koya mata kafin damina mai zuwa.