Sifikar laftof ɗinka ba ta mutu ba, kar a cuce ka

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a shagunan gyara wadda ya kamata a daina: wai "Linux ba shi da sauti". Mutum ya sa Ubuntu ko Linux Mint a laftof ɗinsa, murya ta koma siririya kamar ta rediyon da batirinsa ya yi sanyi, sai mai gyara ya ce sifika ta mutu, kawo kuɗi a canza. Ko ya ce a mayar da Windows na sata. Wallahi duka biyun cuta ce.

Sifikar laftof 'yar mitsitsiya ce, ita kaɗai ba ta da kauri. Daɗin da kake ji a Windows manhaja ce ke ƙara shi: Dolby a Lenovo da yawa, Waves MaxxAudio a Dell da yawa. Kamfani ya auna sifikar, ya daidaita ta, sannan ya kulle saitin a cikin direban Windows. Da ka sa Linux sai sautin ya fito tsurarsa, miya ba gishiri. To laifin wa? Na wanda ya kulle saitin mana.

Masu cewa abin ba ya gyaruwa su dubi Asahi Linux. Su suka auna sifikun MacBook masu M1 da M2 da kansu, suka rubuta nasu saitin, har da manhajar da ke hana sifika ƙonewa. Ashe dai aiki ne, ba tsafi ba.

Kafin kowa ya ɗora sukudireba a kan laftof ɗinka, gwada waɗannan:

1. Buɗe Terminal ka rubuta alsamixer. Danna F6 ka zaɓi katin sauti. In ka ga MM a ƙarƙashin Speaker ko Master, a kashe yake, danna M ya koma 00.

2. In saitin sauti ya nuna Dummy Output, sau da yawa a laftof mai Intel fayil ɗin SOF ne babu. A Ubuntu da Mint rubuta sudo apt install firmware-sof-signed, ka kashe ka kunna.

3. Sababbin laftof da yawa suna da ƙaramar amfilifaya ta Cirrus Logic ko Texas Instruments. Tsohon Linux bai san ta ba, shi ya sa sifika huɗu sai biyu su yi magana. Sabunta tsarin, ko ka sa sabon fitowa.

4. In sauti na fita amma ba daɗi, sa EasyEffects. Yana aiki da PipeWire, wanda Ubuntu ke zuwa da shi tun 22.10, Mint tun 22. Kunna Equalizer ka daidaita a hankali, ka sa Limiter a ƙarshe.

Don Allah kar ka tura murya zuwa 150%. Nan ne ake yaga sifikar da gaske. Wadda ta yage ba ta ɓuya, karkarwa take yi ko a Windows ko a Linux.

Me ya sa na damu? Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, in kuma laftof mai Intel ne, na zubi na 8 zuwa sama. Laftof na hannu da ɗalibai ke tara kuɗi su saya, da yawa ba su kai nan ba. Linux hanya ce da za su samu kariya kyauta, sai mu kore su saboda gyaran minti goma?

'Yan uwana masu gyara, rashin sani ba abin kunya ba ne, karɓar kuɗin sifika mai lafiya shi ne abin kunya. Mu koya, mu ci halak. Kai kuma mai laftof, duk wanda ya ce sifikarka ta mutu, ce masa ya buɗe alsamixer a gabanka tukuna.