Ƙarfe ma yana gajiya

Daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ya saba ganin babbar mota kwance a gefe, sandar ƙafafunta ta karye. A ƙauyuka kuma famfon burtsatse yakan tsaya rana ɗaya, mata su koma tsohuwar rijiya. Jama'a sukan ce tsautsayi ne. Masana kuwa suna kiran abin gajiyar ƙarfe.

Wayar da aka yi ta lanƙwasawa gaba da baya takan tsinke ba da wuƙa ba. Haka ƙarfen mota da na famfo suke: ɗan tsagi yakan soma a bakin rami ko wurin walda, yana ƙaruwa da kowace girgiza har ƙarfen ya rabu. A shekarar 1842 sandar ƙafafun wani jirgin ƙasa ta karye kusa da Versailles a Faransa, mutane fiye da 50 suka hallaka. Bayan haka injiniyan Jamus August Wöhler ya yi shekaru yana gwada irin waɗannan sanduna, ya nuna cewa yawan nauyi yana rage yawan juyin da ƙarfe zai jure.

Yau wannan lissafi ya shiga intanet. Akwai manhajojin da ake ba irin ƙarfe, da siffarsa, da nauyin da yake ɗauka, su ƙiyasta kwanakinsa. Darasinsu mai tsanani ne: bisa ƙa'idar da injiniyoyi ke bi, idan matsin da ke hawa da sauka a wurin walda ya ninka biyu, kwanakinsa sukan ragu kashi takwas. Ƙarin kashi ɗaya bisa huɗu kaɗai yana cinye kusan rabinsu. Direban da ya ƙara buhunan wake a kasuwar Gazawa domin riba, kwanakin motarsa ya sayar. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005, wadda ta ƙayyade lodin manyan motoci, tana kare hanya, tana kuma kare mai mota.

Amma kwamfuta ba ta duba. Ba ta san gargadar hanyar karkara ba, ba ta san yashin da ke shiga famfo ba, sai an gaya mata. Abin da aka zuba mata shi take mayarwa. A misali, famfon da ake bugawa sau 40 a minti, awa 8 a yini, ya haura bugu miliyan 7 a shekara. Wa zai ƙidaya wannan in ba mutanen gari ba?

Nan ne aikin waɗanda suka yi yaƙi da jahilci yake. Wajibi ne kowane kwamitin ruwa ya ajiye littafi: ranar da aka sa ƙarfe, awowin aiki, ranar da ya karye da wurin da ya karye. Ya kamata magadan gari da ma'aikatan ruwa na gundumomin uku su riƙa tattara littattafan, su miƙa wa malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da na makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, domin a yi lissafin.

Ta haka za a san ƙarfen da ya kusa gajiya, a sayo madadinsa tun kaka, lokacin da kuɗi ke hannu, kafin bazara ta tarar da gari babu ruwa.