Kar a kori mai tambaya kan ƙaddara

Jama'a, raina yana ɓaci in na ga an kafirta matashi don ya tambaya: in Allah ya riga ya rubuta komai, me ya sa za a azabtar da mutum har abada kan zunubin shekara saba'in? Tambayar nan ta girmi kakanninmu. Mu'utazilawan Basra sun ce bawa ke samar da aikinsa, Jabariyya suka ce tilasta masa ake yi, Imam Ash'ari kuwa ya ce Allah ke halittar aiki, bawa ya ɗauke shi da zaɓinsa. Ibn Ƙayyim ma ya yi dogon bayani kan ko wuta za ta ƙare. Malam, zaunar da yaron nan ka buɗe masa littattafan, kafin ya tafi Facebook neman amsa.