Raddi Ga Masu Auna Tsaron Gida da Tsawon Ɗan Wasa

A cikin ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi masu bibiyar ƙwallon kwando, akwai ra'ayin da ya samu gindin zama: wai in za a gwada 'yan wasan jami'o'i wajen tsaron gida, a duba tsawo, a ƙirga sau nawa mutum ya buge ƙwallo a sama kafin ta faɗa kwando, magana ta ƙare. Hujjoji uku suke kafawa, kuma ko ɗaya ba ta tsayu ba.

Ta farko, sun ce Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya yi wa Jami'ar Houston wasa, ya buge ƙwallo sau 3,830 a gasar NBA, babu wanda ya kamo shi. Gaskiya ne. Sai dai sun ɓoye rabin labarin. Shi wannan Olajuwon ya ƙwace ƙwallo sau 2,162, aikin da aka fi sanin gajeru da shi. Tun yana yaro yake tsaron raga a ƙwallon ƙafa, a nan ya samo saurin ƙafa da karanta motsin abokin hamayya. Dogaye irinsa sun yi yawa a zamaninsa. Me ya hana su kai inda ya kai?

Ta biyu, sun ce alƙaluma ba sa ƙarya. To, amma alƙaluma suna bin tsarin koci. Matisse Thybulle ya ƙwace ƙwallo sau 126 a kakar 2018 zuwa 2019 a Jami'ar Washington, inda kowa ke gadin yankinsa, yana da damar tare hanyar ƙwallo. Wanda aka ɗora wa bin mutum ɗaya ƙafa da ƙafa ba shi da wannan damar. In ya hana gwanin abokan hamayya karɓar ƙwallo, ko ya matsa masa har daƙiƙa 30 na kai hari suka ƙare, babu abin da za a rubuta masa, alhali shi ya ceci ƙungiya. Mai tsalle kan kowace jifa kuwa yakan tara laifi biyar, alƙalin wasa ya fitar da shi a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ta uku, sun ce gajere ba ya tsare kwando. Jevon Carter na Jami'ar West Virginia bai kai mita 1.90 ba, amma shi ya fara lashe kyautar Naismith ta gwarzon mai tsaron gida a 2018. A 2020 kuma, Udoka Azubuike, dogon nan haifaffen Legas, ya karɓi kyautar gwarzon mai tsaron gida ta ƙungiyar kociyoyi, abokin wasansa a Jami'ar Kansas, Marcus Garrett, ya karɓi ta Naismith. Ɗaya yana gadin gindin kwando, ɗaya yana shaƙe mai ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka a gwada dogo da dogo, gajere da gajere, kowa a aikin da aka ba shi. A duba maki nawa wanda yake gadi ya ci, ko yana kai wa abokinsa ɗauki a kan lokaci, ko yana kama ƙwallon da ta dawo daga allo, da yawan laifinsa. Kocin da ke zaɓen 'yan wasan NUGA, wato gasar wasannin jami'o'in Najeriya, da ma'aunin tsawo kaɗai zai bar yara masu hazaƙa a benci, kuma jami'arsa ce za ta yi asara.