Abokin Kuka Ba a Ɓoye Masa Mutuwa

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da mu ke kauce mata a majalisunmu, watau maganar mutum ya kashe kansa. In an ambace ta sai mu ce ai wannan halin Turawa ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu, kuma abin yana cikin manyan sanadin mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29. To, waɗannan kuwa tsararrakinmu ne. Ra'ayina shi ne, a wuri kamar Ngaski, aboki shi ne katanga ta fari, sau da yawa ma shi kaɗai ne.

Mu dubi abin da ƙasarmu ta sha. A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane daga inda aka binne kakanninsu. A watan Mayu na 1921 ba mu da labari, amma a Mayun 2021 kowa ya ji jirgin ruwan da ya nutse kusa da Wara, mutane da yawa suka halaka. Wata guda bai cika ba 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, waɗansu ba su ga gida ba sai 2023. An ƙidaya gawawwaki, an ƙidaya waɗanda suka dawo. Wa ya ƙidaya masu kwana ido biyu har yau? Baƙin ciki irin wannan, in ya haɗu da bashi ko rashin aiki ko faɗuwa jarrabawa, ya kan kai mai imani ma inda ba ya ganin mafita.

Ina likitan da zai gan shi? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma galibinsu a manyan birane su ke. Asibitin Gwamnatin Tarayya na wannan fanni da ke Kware, kusa da Sakkwato, tafiyar sa'o'i ce daga Wara ko Shanga. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Madalla. Amma doka ba ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗalibin da ya kwana uku bai fito ba. Abokin ɗakinsa ne zai yi haka.

Wani zai ce, ai mu ba likitoci ba ne. Gaskiya ne. Sai dai a Harare ta ƙasar Zimbabwe, tun wajen 2006, wani likita, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna kan benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, kuma bincike ya tabbatar waɗanda suka zauna da su sun sami sauƙi ƙwarai. A Ingila ma ƙungiyar Samaritans, wadda aka kafa a 1953, da masu sauraro na sa kai ta ke aiki. Mu da mu ka gāji gayya da adashi, ba sai an koya mana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba.

Wani kuma zai ce addini ya haramta, saboda haka mai irin wannan tunani wa'azi ya ke bukata. Haramcin ba a musunsa. Amma wanda ruwa ke ci, Sarkin Ruwa ba ya tsayawa gaɓa yana karanta masa laifinsa. Tsamo shi ya ke yi tukuna. Tun da Final Kot ta Arewa ta lissafa yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka, ga kuma tsoron abin kunya, mutanenmu suka koyi ɓoyewa. Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Gori da tsawa ba abin da su ke ƙarawa sai shiru, shirun kuwa shi ne haɗarin.

To, me aboki zai yi? Na fari, ya lura, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya daina zuwa majalisa, ya bar cin abinci, ya shiga rabar da kayansa, ko yana cewa ya zama kaya ga iyayensa, kada a ce raki ne. Na biyu, ka keɓe da shi ka tambaye shi ƙiri-ƙiri ko yana tunanin halaka kansa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta cusa tunanin, sauƙi ma ta kan kawo. Na uku, ka saurara, kada ka katse shi da labarin wanda ya fi shi wahala. Na huɗu, in ya amsa, kada ka bar shi shi kaɗai, ka nisantar da duk abin da zai iya cutar da shi, musamman magungunan gona da mu ke ajiyewa barkatai. Irin wannan hali sau da yawa ya kan sauka bayan ɗan lokaci, wanda ya tsallake shi kuwa galibi ya kan ci gaba da rayuwarsa. Na biyar, kada ka yi alkawarin rufa asiri. Ka sanar da babban da ya yarda da shi, ka raka shi asibiti da ƙafarka. Gara ya yi fushi da kai yana raye.

Ina kira ga ƙungiyarmu da ƙungiyoyin ɗaliban Yauri, Ngaski da Shanga su zaɓi mutum biyu a kowane ɗakin kwana, maza da mata, a gayyato ma'aikatan lafiya su horar da su kafin 10 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe wa wannan al'amari. Zumunta a ƙafa ta ke. Allah ya sa mu zama masu tambayar juna.