"Ba A Ga Komi Ba": Wa Ya Saita Na'urar?

Duk watan Oktoba sai a raba riguna masu ruwan hoda, a yi jerin gwano, manya su hau mumbari su ce wa mata su je a yi musu hoton mama. Madalla. Amma har yanzu ba mu ji mai jawabin da ya tsaya ya faɗa wa jama'a cewa hoton nan na iya yin ƙarya ba.

Mu ɗauki mace daga Tirmini, a kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Ta ji ƙullutu a mamanta, ta sayar da akuya, ta shiga mota zuwa birni. In eko aka yi mata, sakamakon ya rataya ne a kan irin sandar da aka ɗora mata. Sandar duban juna biyu tana aiki da wajen megahaz 3.5: tana kutsawa can cikin ciki, amma hotonta dishi-dishi ne. Mama kuwa na buƙatar sanda mai shimfiɗaɗɗen baki, ta megahaz 10 ko fiye. A yi musanyarsu, sai gefen ƙullutu ya ɓace, a kasa bambanta mai santsi da mai tsattsage. Ko da sandar daidai ce, in aka cika ƙarfin hasken, jakar ruwa marar lahani sai ta fito kamar tsoka. In aka rage shi ainun, mugun ƙari sai ya yi baƙi wuluk kamar jakar ruwa. A sallami baiwar Allah, a ce ta koma gida lafiya lau.

Mamogarafi ma haka take. Ƙarfin haskenta bai cika wuce kilobolt 25 zuwa 35 ba, kuma dole a matse maman sosai. Ɗige-ɗigen alli da ke tona asirin sankara tun tana ƙarama ba su kai milimita 1 ba. Motsi kaɗan ko saiti marar kyau ya isa ya shafe su. Ga kuma mata masu ƙuruciya, waɗanda naman mamansu ke fitowa fari fat a hoto, alhali ƙarin ma fari yake fitowa. Neman farar tunkiya ke nan a cikin hazo.

Yanzu kuma ana ta yi mana albishir da manhajar kwamfuta mai auna saƙar hoto, wato laushinsa da kaushinsa, ta yanke hukunci. Masana sun daɗe da nuna cewa waɗannan alƙaluma suna canzawa in an canza kamfanin na'ura, ko ƙarfin haske, ko yadda aka sarrafa hoton, ko da majinyaciya ɗaya ce. To manhajar da ta yi karatunta a kan hotunan asibitocin Turai, me za ta karanta a na'urar da ta sha ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta?

Amurka ta kafa doka tun 1992 cewa duk gidan mamogarafi sai an bincike shi kowace shekara, masanin kimiyyar haske ya auna na'urar. Akwai dunƙulen roba na gwaji mai ɗauke da zaruruwa da ɗige-ɗige. In ba su fito a hoto ba, ba a ɗora mace. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da walimar yanke ƙyalle. Ƙasar da ke haƙar uraniyum a Arlit tun 1971 ba ta da hujjar cewa ilimin haske ya fi ƙarfinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buri a 2021 cewa a gama gano cutar cikin kwana 60. A shekarar ne aka buɗe sashen gashi na cibiyar yaƙi da sankara a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Matar da hoto ya yaudara ba za ta kama wannan hanya ba sai ƙarin ya fashe.

Muna kira ga mahukuntan lafiya na jiha: a liƙa ranar gwajin ƙarshe a jikin kowace na'ura, a rubuta irin sandar da aka yi aiki da ita a kan kowace takardar sakamako, kuma duk ƙullutun da hannu ya ji a bi shi har a tsakuro nama a auna, ko hoto ya ce me. Jami'ar André Salifou tana da tsangayar lafiya. A ba ta kuɗin horar da masu saitin.